DILAR AUDUGA DA MAZARƘWAILA: DARASI A KAN MATSE ZANEN GINI A KWAMFUTA

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai su ba ni aron hankalinsu kaɗan. Ina so in ba da labarin wani abu da ya auku a gidanmu a Ɗandamisa, cikin Ƙaramar Hukumar Makarfi, a hutun da ya wuce, sa'an nan in bayyana abin da na koya daga gare shi. Al'amarin ya kusa ɓata tsakanin kawuna da yayana, ya kuma kusa sa mutanen unguwarmu cin iyakar gonar maƙwabci. Tushensa kuwa shi ne girman fayil ɗin wani zanen gini da aka ajiye a kwamfuta.

Yadda Abin Ya Faru

Kawuna, wan mahaifiyata, tsohon mai zanen gine-gine ne. Da allon zane da fensir da tawada ya fara aiki, daga baya ya koyi zane da kwamfuta a Zariya. Fiye da shekara ashirin da suka wuce ya zana wa unguwarmu makarantar Islamiyya mai aji huɗu da ofishin malamai, don Allah, bai karɓi ko kwabo ba. Ya yi aikin ne da manhajar zane mai suna AutoCAD, fitowar 2002. Rashin kuɗi ya hana a gina, zanen ya yi ta kwana a cikin tsohuwar kwamfutarsa.

Bana da aka sayar da rake, sai mutane suka yi karo-karo, aka sayi siminti da bulo, aka yi jinga da birkila a kan ya kafa harsashi kafin ruwa ya sauka. Dattawan kwamiti suka ce a ƙara baranda da makewayi. Da yake idon Kawu ya fara rauni, sai ya kwafi fayil ɗin a filashi ya ba yayana, wanda ke karatun zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello. Yaya ya buɗe shi da sabuwar AutoCAD da ke cikin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya kwana biyu yana aiki, ya ajiye, ya mayar wa Kawu.

To, a nan gizo ya yi saƙa. Da fari kwamfutar Kawu ta ƙi buɗe fayil ɗin sam. Da ya duba girmansa kuma, sai ya ga abin da ya ba da yana kilobayit 4,800 ya komo 2,400. Ya aika aka kira Yaya, ya ce, "Kai, an ƙara baranda, an ƙara makewayi, amma fayil ya rame? Wane irin kaya ne ake ƙara masa nauyi ya rage? Ka share mini rabin aikina, sauran kuma ka lalata shi." Yaya ya durƙusa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu, ko layi ɗaya ban share ba." Kawu bai saurare shi ba. Kafin magariba magana ta kai kunnen dattawa cewa yaron boko ya ɓata zanen makaranta, aka ce wa birkila ya dakata. Ga siminti a sito, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

A daren nan na tsare Yaya da tambaya, gama an ce tambaya rabin ilmi. Abin da ya koya mini, da abin da malaminmu na zanen fasaha ya ƙara mini bayan mun dawo makaranta, shi ne zan shimfiɗa yanzu.

Ma'aunin Fayil

Kamar yadda ake auna hatsi da mudu da tiya da buhu, haka ake auna fayil da nasa ma'auni. Mafi ƙanƙanta shi ne bit, watau ko dai 0 ko 1. Bit takwas su ne bayit ɗaya, kuma bayit ɗaya ya isa ya riƙe harafin boko guda, kamar "a" ko "b". Bayit 1,024 su ne kilobayit, kilobayit 1,024 su ne megabayit, megabayit 1,024 su ne gigabayit. Masu sayar da filashi sukan yi lissafi da 1,000 maimakon 1,024, shi ya sa in ka sayi filashi za ka ga abin da kwamfuta ta nuna ya ɗan gaza abin da aka rubuta a jikinsa.

A zamanin da Kawu ya fara aiki da kwamfuta, a ƙaramin faifai mai ɗaukar megabayit 1.44 kacal ake yawo da zane. Watau zanen makarantarmu ba zai shiga faifai ɗaya ba. Yau filashi ya wadata, amma girman fayil bai daina damun mutane ba. Wanda yake ƙauye, yana sayen data da kuɗin aljihunsa, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa, ya san bambancin aika megabayit biyu da aika hamsin. Har wa yau wasiƙar Gmail tana da iyakar abin da za a liƙa mata kai tsaye, watau megabayit 25.

Me Ke Cikin Fayil Ɗin Zane?

Da yawa daga cikinmu muna zaton kwamfuta hoton zane take ajiyewa. Ni ma haka na zata. Ashe lissafi take ajiyewa. In ka ja layi, sai ta rubuta inda ya fara da inda ya ƙare. Kowane wuri ana bayyana shi da lamba uku, na tsawo da na faɗi da na bisa, kowace lamba kuma bayit takwas ta ishe ta. Ke nan lamba shida sau takwas, bayit 48, sai ɗan ƙarin bayani kan launi da kauri. Da'ira ma haka, tsakiyarta da faɗinta kawai ake rubutawa. Ko layin na mita ɗaya ne, ko na mita ɗari, wurin da zai ci ɗaya ne. Wannan dabara ta samo asali tun 1963, sa'ad da wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland ya ƙirƙiro manhajar Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka. AutoCAD kuwa kamfanin Autodesk ne ya fitar da ita a watan Disamba na 1982, kuma fayil ɗinta ana kiransa DWG.

Hoto dabam yake. Shi ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo da launinsa, har farin wurin da ba a rubuta kome ba sai an ƙidaya shi. Bari mu yi lissafi. Babbar takardar zane da ake kira A1 tana da faɗin milimita 594 da tsawon milimita 841. In aka ɗauki hotonta da ɗigo 300 a kowane inci, za a sami ɗigo 7,016 a faɗi, da 9,933 a tsawo, jimla kusan miliyan 70. In kowane ɗigo ya ci bayit uku, an tashi da wajen megabayit 200, alhali kuwa zanen da ke kan takardar, in da lissafi aka ajiye shi, mai yiwuwa bai kai megabayit ɗaya ba. Saboda haka girman fayil bai nuna yawan aikin da ke ciki. Abin da yake nunawa shi ne yadda aka shirya aikin aka ɗaure shi.

Matsi Iri Biyu

Mu mutanen ƙasar Zazzau ba sai an kai mu nesa ba kafin mu gane matsi. Kakanninmu sun noma auduga, suna kai ta kasuwa, daga nan a wuce da ita wurin gurza a Zariya ko Funtuwa. Bayan an cire gurya, sai a sa audugar a inji a danne ta, tulin da ya cika ɗaki ya koma dila, a ɗaure da ƙarfe, a loda a jirgin ƙasa zuwa Ikko. In dilar ta isa masaƙa aka kwance ta, auduga sai ta sake tashi. Ba abin da ya fita daga cikinta sai iska. Wannan shi ne matsi marar hasara.

Yanzu mu dubi rake. A ƙauyukanmu na Makarfi da Kudan da Ikara ana matse rake, a tara ruwansa, a dafa har ya yi kauri, a zuba a mazubi ya daskare ya zama mazarƙwaila. Damin rake da jaki ke nishi da shi ya koma abin da yaro zai ɗauka a tire. Zaƙin yana nan, amma duk duniya ba wanda zai iya mai da mazarƙwaila ta koma rake. Haka kuma kauɗar tumatir, ko ka jiƙa ta kwana uku ba za ta zama ɗanyen tumatir ba. Wannan shi ne matsi mai hasara.

Kwamfuta tana yin duka biyun. Hotunan da muke ɗauka da waya galibi irin JPEG ne, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, kuma matsin mazarƙwaila ake yi musu. Ana zubar da ƙananan abubuwan da ido ba ya cika lura da su, ba sa dawowa kuma. Ga hoton biki wannan ba laifi. Amma fayil ɗin zanen gini lambobi ne, in lamba ɗaya ta canja bango ya kauce. Don haka matsin auduga kaɗai ake yi wa DWG.

Yadda Kwamfuta Ke Ɗaure Dila

Yaya za a rage rubutu ba tare da an zubar da kome ba? Asirin shi ne maimaici. Ku tuna da rajistar aji. In ɗalibi goma a jere duk daga Hunkuyi suke, malami ba ya rubuta sunan garin sau goma. Sau ɗaya yake rubutawa, sa'an nan ya riƙa sa 'yan layuka biyu a ƙarƙashi, ma'ana "kamar na sama". Mai karatu bai rasa kome ba, tawada kuma ta ragu.

Waɗansu masana biyu, Abraham Lempel da Jacob Ziv, su suka mai da wannan dabara lissafi a 1977, shi ya sa ake kiranta LZ77. Ga misali. Ɗauki wannan magana: "bulo a kan bulo a kan bulo". In ka ƙidaya haruffa tare da sararin da ke tsakanin kalmomi za ka sami 26. Kwamfuta za ta rubuta 11 na farko kawai, watau "bulo a kan" da sararin bayansa, sa'an nan ta sa umurni: koma baya 11, kwafo 15. Shi ke nan. Mai buɗewa ya bi umurnin, magana ta dawo daidai yadda take. Zanen gini kuwa cike yake da maimaici, gama layuka dubu suna da launi ɗaya, kauri ɗaya, da lambobi masu kama da juna.

Dabara ta biyu ta David Huffman ce, wanda ya wallafa ta a 1952, kuma yana ɗalibi ya gano ta. Ita ce a ba abin da ya fi yawan fitowa gajeriyar alama, a ba wanda bai cika fitowa ba doguwa. Mu gwada da kalmar "makaranta". Haruffa tara ne, in kowanne ya ci bit takwas an sami bit 72. Amma harafin "a" ya fito sau huɗu, sauran biyar kuwa sau ɗai-ɗai. Sai mu ba su alamu haka: a = 0, r = 100, n = 101, t = 110, m = 1110, k = 1111. Yanzu kalmar ta zama 1110 0 1111 0 100 0 101 110 0. Ku ƙidaya, bit 21 ne. Lalle sai an ajiye jerin alamun tare da saƙon don mai buɗewa ya gane, amma a babban fayil wannan ɗan ƙari ba ya taka kara ya karya.

Fayil ɗin ZIP da muka saba gani, wanda Phil Katz ya fitar a 1989, haɗin waɗannan dabaru biyu ake amfani da shi a cikinsa a yau. Akwai kuma iyaka. In an riga an kawar da maimaici, sake matsewa ba ya ƙara kome, kamar dai a mai da dila cikin inji a sake danne ta.

Abin Da Sabunta Manhaja Ke Jawowa

Yanzu mun iso ga abin da ya sami Kawu. Kamfanin Autodesk yakan canja tsarin DWG lokaci-lokaci, kuma kowane tsari da lambarsa, wadda ake rubutawa a haruffa shida na farkon fayil. Ga su:

AC1015: AutoCAD 2000 zuwa 2002.
AC1018: AutoCAD 2004 zuwa 2006.
AC1021: AutoCAD 2007 zuwa 2009.
AC1024: AutoCAD 2010 zuwa 2012.
AC1027: AutoCAD 2013 zuwa 2017.
AC1032: wanda ya fara daga AutoCAD 2018.

A tsarin 2004, wanda ya fito a shekarar 2003, aka sa matsi irin na dangin LZ77 a cikin fayil ɗin kansa. Tun daga lokacin, duk sa'ad da mutum ya ajiye zane, manhajar da kanta take ɗaure dila, in ya buɗe ta kwance, ba tare da ya sani ba. Shi ya sa zane yakan sauko zuwa wajen rabin girmansa na da. Fayil ɗin Kawu na tsarin AC1015 ne, watau sakakkiyar auduga. Da Yaya ya ajiye shi, sabuwar manhaja ta mai da shi AC1032, ɗaurarre. Barandar da makewayin da aka ƙara ba su kai iskar da aka fitar ba.

Ƙin buɗewa kuma dalilinsa shi ne, sabuwar manhaja ta san tsarin duk waɗanda suka gabace ta, amma tsohuwa ba ta san na bayanta ba. AutoCAD 2002 ta duba haruffa shida na farko, ta ga lambar da ba ta taɓa ji ba, sai ta tsaya. Kamar a kawo wa wanda ya iya ajami kaɗai wasiƙar boko ne. Wasiƙar lafiya lau take, shi ne bai koyi haruffan ba.

Kada kuma a zaci kullum sabuntawa rage fayil take yi. A tsarin 2007 an koma ajiye rubutu da ƙa'idar Unicode, inda harafi ke cin bayit biyu maimakon ɗaya. Wannan ƙarin nauyi ne, amma mu Hausawa ya yi mana rana, domin a Unicode ne haruffanmu masu lanƙwasa suke da gurbi, har mutum ya iya rubuta "ƙofa" da "ɗaki" a jikin zane in salon haruffan da ya zaɓa yana da su. Akwai kuma tsarin DXF, wanda ake amfani da shi wajen musayar zane tsakanin manhajoji dabam-dabam. Shi galibi rubutu ne zalla, don haka ya fi DWG girma ƙwarai, amma in aka sa shi a ZIP yana raguwa sosai. Sabon DWG kuwa in ka sa shi a ZIP ba ya raguwa da yawa, gama dila ce tun asali.

Gani Ya Kori Ji

Allah ya taimake mu Kawu kwafa ya yi, asalin zanen yana nan a kwamfutarsa. Washegari mahaifiyarmu ta je ta ba shi haƙuri, ya yarda a gwada a gabansa. Muka shimfiɗa tabarma a zaure, dattawa biyu na kwamiti suka zauna shaida. Yaya ya sake kwafo asalin, ya buɗe, ya zaɓi duk abin da ke cikin zanen, manhaja ta nuna adadinsu, na rubuta a takarda. Bai taɓa kome ba ya ajiye da sabon suna a sabon tsari. Girman ya faɗo zuwa kilobayit 2,300. Ya rufe, ya sake buɗewa, ya ƙidaya, adadin bai ragu ko da ɗaya ba. Daga nan ya ɗauki wannan ƙaramin fayil ya ajiye shi a tsarin 2000, sai ga shi ya kumbura ya komo kusa da girmansa na farko. Haka ya yi wa zanen mai baranda, aka kai kwamfutar Kawu, nan da nan ta buɗe.

Kawu ya sa tabarau ya bi zanen aji-aji, ya auna ƙofofi da tagogi, ya yi shiru. Can ya ce, "To, ashe dila ka yi mini. Ai da ka faɗa tun kafin ka miƙo." Yaya ya ce, "Gaskiya ne, Kawu, laifina ne da ban tambayi irin manhajar da ke wurinka ba." Dattawa suka yi addu'a, aka aika wa birkila ya shirya.

Nawa Kuskuren

Kada in ba da labarin kuskuren manya in ɓoye nawa. Da aka bugo zanen a babbar takarda, Kawu ya ce in kai wa birkila a garinsu. Ganin rana ta yi zafi, sai na shimfiɗa takardar na ɗauki hotonta da wayar Yaya, na aika masa a matsayin hoto, na koma wajen ƙwallo. Waya ta yi wa hoton matsin mazarƙwaila, wajen aikawa kuma aka sake rage shi. Ƙananan lambobi suka dushe. Inda aka rubuta tsawon aji 7600, birkila ya karanta 7800. Bambancin milimita 200 ne kawai, amma aji huɗu ne a jere, ya zama 800, kusan mita guda.

Ranar da aka kafa turaku aka ja igiya, Kawu ya zo da tef ɗinsa. Kafin ma ya auna, ya tsaya ya dubi turken ƙarshe ya ce ya shiga gonar maƙwabci. Aka auna, haka ne. Da an haƙa an zuba kankare, da sai dai a fasa, ko a shiga shari'a da mutumin da ya ba da nasa kuɗin a karo-karon. Na sha faɗa, na kuma cancanta. A ranar na gane cewa iya latsa kwamfuta dabam, idon da ya shekara talatin yana auna fili dabam.

Shawara Ga 'Yan'uwana Ɗalibai

Da yawa daga cikinmu muna fatan zama injiniyoyi ko masu zanen gine-gine ko masu safiyo. Ga abin da nake ganin ya kamata mu riƙe tun yanzu.

Na ɗaya, kafin ka buɗe tsohon zane da sabuwar manhaja, kwafe shi ka ajiye asalin a gefe. AutoCAD takan bar kwafin baya mai suna BAK, amma na ajiyar da ta gabata ne kaɗai, in ka sake ajiyewa sai wani ya maye gurbinsa.

Na biyu, kafin ka aika wa mutum zane, tambaye shi fitowar wace shekara yake aiki da ita, ka ajiye masa a tsarin da zai iya buɗewa. In ka mayar da zane tsohon tsari, ka duba shi, domin abubuwan da aka ƙirƙiro daga baya, kamar jadawalin da ya shigo a AutoCAD 2005, ba lalle su yi aiki yadda suke ba a tsohuwa. Akwai manhajar kyauta mai suna DWG TrueView da ke buɗe zane ta kuma juya shi daga tsari zuwa tsari.

Na uku, in fayil ya yi nauyi, fara da shara kafin matsi. Umurnin PURGE yana kwashe tarkacen da aka shigo da su ba a yi amfani da su ba, AUDIT kuma yana duba kurakurai. Amma ka sani PURGE zubarwa yake yi da gaske, don haka a kan kwafi za ka yi shi. Da Yaya ya yi wa namu, ya sauko zuwa kilobayit 1,500.

Na huɗu, kada ka zana abu ɗaya sau da yawa. In taga tana da layi 40, kuma ginin yana da taga 24, layi 960 ke nan. In ka dunƙule tagar ta zama abu guda mai suna, layi 40 kawai za a ajiye, sai wurare 24 da za a dasa ta.

Na biyar, zanen da za a yi gini da shi kada a aika shi a matsayin hoto. A fitar da shi PDF kai tsaye daga manhaja, a aika a matsayin takarda, ko kuwa a kai wa birkila bugaggen zane hannu da hannu. Manhajoji irin su WhatsApp suna rage hoto don sauƙin aikawa, amma abin da aka tura a matsayin takarda yana isa yadda yake.

Ga ɗan aiki ga mai sha'awa. Ɗauki kalmar "kasuwa" ko sunan garinku, ka ƙirƙira wa haruffan alamu kamar yadda muka yi wa "makaranta", ka ga bit nawa za ka tsira da shi. Sharaɗi ɗaya ne, kada alamar wani harafi ta zama farkon alamar wani. In kuma ka sami fayil ɗin DWG a ɗakin kwamfuta, nemi iznin malam, ka buɗe kwafinsa da Notepad, ka karanta haruffa shida na farko, ka rufe ba tare da ka ajiye ba, sa'an nan ka duba jerin da ke sama ka faɗi zamaninsa.

Ga iyayenmu kuma, ina roƙo in yaro ya zo da sabon abu kada a yanke masa hukunci sai an sa shi ya gwada a gaban idonku, kamar yadda Kawu ya yi daga baya. Mu kuma yara mu riƙa yin bayani da ladabi kafin mu taɓa aikin manya. Sa'ad da na baro gida ginin ya kai linta, Kawu da Yaya suna zama tare da yamma suna lissafin kwanon rufi.

A nan zan dasa aya.